Ɗaki Biyu a Cikin Shida

Takarda biyu maigidana ya shigo da su wata ranar Asabar bayan La'asar, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya danne gefensu da kofi. Lokacin muna haya a cikin garin Daura, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, mu da 'ya'yanmu huɗu. Shi fataucin shanu yake yi, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ya daɗe da sayen fili a bakin gari, ta hanyar Sandamu, sai a shekarar ya ga kamar zai iya taɓa gini.

"Malama, zo ki zaɓa mana," ya ce. "Zanen gida ne na sa aka yi."

Na farko ɗaki uku ne da falo da kicin. Na biyu ɗaki shida, falo biyu, da zaure mai faɗi. Ya ɗora yatsa a kan ƙaramin, ya ce wannan idan Allah ya yarda kafin damina biyu mun tare. Ni kuwa idona yana kan babban. Na gaji da kwanan yara a kan juna, na gaji da ɗaga katifa duk safiya kafin a sami wurin salla.

"Baban yara, gini sau ɗaya ake yi," na ce. "Yaran nan girma za su yi. Mu yi babban a hankali."

Ya shafa gemu, sannan ya naɗe ƙaramin ya sa a aljihu. Bai taɓa yi mini gorin wannan zaɓin ba, ko sau ɗaya.

Bijimai huɗu ya sayar aka haƙa tushe aka zuba. Magininmu dattijo ne mutumin Baure, marar yawan magana. Ranar da aka ja igiya ya dubi faɗin wurin ya ce, "Alhaji, wannan fa zai ci bulo." Muka yi dariya. Kafin ƙarshen rani bango ya kai taga a ko'ina, wani ɓangaren har an ɗora linta. Sai siminti ya fara tashi, rodi ya bi shi, tifar yashi ma ta bi. Aka dakata a ga abin da kaka za ta kawo.

Maigidana bai ga kakar ba. Ciwon kwana tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan na fita takaba na je na tsaya a cikin ginin. Tafasa ta fito a falo har gwiwa, awakin unguwa sun mai da zauren wurin kwanansu. Na kira maginin na tambaye shi ko za a iya rage gidan ya koma daidai ƙarfina.

"Malama, bango ba riga ba ne da za a rage," ya ce. "Abin da aka ɗora an ɗora. In an rushe, asara biyu ce."

Sai na yi tunanin sayarwa. Wani ɗan kasuwa ya taya da daraja, kuɗin da zai sai mana ƙaramin gida ginanne a cikin gari. Na je wurin yayan maigidana, wanda shi ne waliyyin yaran, na durƙusa na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama.

"Kasonki kaɗan ne a ciki, sauran na marayu ne," ya ce. "Filin nan kullum ƙara daraja yake. In na sa hannu aka sayar, me zan ce musu idan sun girma? Me zan ce wa ɗan'uwana gobe ƙiyama?"

"Yaya, to a ina za su girma?"

Ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, duk kaka yana aiko mana da gero, amma shi ma manomi ne mai iyali. Ba shi da abin da zai rufa ginin, kuma ba zai yarda a sayar ba.

Haka na zauna shekara biyu a tsakani. Albashina ba ya ɗaukar haya da gini tare. In na sayi bulo ɗari na ajiye, kafin in tara na siminti ruwa ya cinye gefensu. Sau da yawa in na taso makaranta sai in ce wa mai babur ya bi ta wata hanya, don kada in hango wurin.

Da mai gidan hayarmu ya ce zai aurar da ɗansa yana buƙatar ɗakunan, maginin ne ya kawo shawara: a rufa ɗaki biyu na baya, a yi bayan gida, a toshe ƙofar da ta shiga falo da bulo. Na sayar da 'yan kunne da sarƙar aurena, aka sayi kwano da katako. Muka tare babu shafe, babu silin, tagogi da buhu.

Yau shekararmu biyar a nan. Mutane in sun wuce cewa suke yi, ga gidan Malama can, Allah ya buɗa mata. Mu kuwa ɗaki biyu muke ciki, kamar yadda muka baro. Da damina nakan shuka kuɓewa da yakuwa a babban falo, tunda bango ya tsare su daga awaki.

Babban ɗana ya kai munzali, kwanciya cikin ƙannensa ta ƙi. Bana na yi adashi don a rufa masa ɗakin kusa da zaure. Maginin ya zo ya zagaya, ya tsaya a bangon gabas, ya zura yatsa cikin wata tsaga da ruwan shekaru ya buɗe tun daga linta har ƙasa.

"Sai an gyara wannan kafin a ɗora masa katako, Malama. Kuma abin da kika tara, na gyaran ne kawai."

Yaron yana tsaye a bayana. Na ce a fara da tsagar.