Ranar da Muka Tura Motar Mata

Malamarmu ta Turanci a sakandaren 'yan mata ta Kaura Namoda 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka da jiki take koyarwa. Ranar da muka zo kan kalmar push, sai ta jera mu a bangon aji ta ce mu tura. Muka ɗora yatsu muna ta dariya. Ta girgiza kai, ta tuɓe takalmi, ta kafa ƙafa, ta sa kafaɗa har jijiyar wuyanta ta tashi. Ƙawata 'yar Zurmi ta raɗa mini, "Yau Malama sai ta kai muna ajin ga Gusau." Ina kewar wannan dariya.

Shekarar ce aka fara shari'a, aka fito da motocin haya na mata zalla. Da hutun damina na ja Malama zuwa garinmu Shinkafi ta ga kasuwa. Muka shiga irin wannan motar tare da kakata, an sallamo ta daga asibiti, ko tsayuwa ba ta iyawa.

Wajen Badarawa motar ta kafe a tsakiyar rafi. A wurinmu in mota ta kafe maza ke turawa, mata su koma gindin itace. To, ban da direba, wani dattijo, babu namiji, ko kwandasta babu. Muka fita muka tsaya a gindin itacen kamar kullum, kakata na ciki.

"Ku yi haƙuri, maza na nan tahe," in ji direba.

Ashe an yi ruwa can gaba. Muna kallo rafin ya yi ja, ya rufe taya, ya fara shiga ta ƙofa. Ina hango kan kakata ta gilashi.

Malama ta tuɓe takalmi ta shiga ruwan. Ta waiwayo, ta dube ni kamar muna aji, ta ce, "Push."

"Mi ta ce, ɗiyata?" wata mai daddawa ta tambaye ni.

"Ta ce mu tura, Inna."

"Mu? Da girmana?" Tana faɗa tana ɗaure zane.

Na naɗe hijabina a ƙugu na bi su. Ruwan har cinya, yana jan zanena. Na kafa ƙafa cikin laka, na sa kafaɗa, ba yatsu ba. Malama na kiran kalmarta, matan na salati, har motar ta yi gurnani ta haye tudu.

Na buɗe ƙofa. Kakata ta ɗaga ƙafafunta jiƙe sharkaf ta ce, "Ke da ko miji ba ki yi ba, ga ki kwandasta."

Malama ta gama bautar ƙasa ta koma gida, ban sake jin labarinta ba. Kakata kuwa tana nan, in na daɗe ban je ba sai ta aiko a tambayi kwandastanta.