Yadi Tara na Shewanta

Duk taku biyu sai Shewanta ta kai hannu bayan ƙugunta, tana laluben bakin zanen da ta saba cusawa a can, ta ji wayam. Babu wanda ya lura a zauren makarantar jikarta.

Tun tana budurwa nauwari take ɗaurawa, zanen sari na matan Indiya mai yadi tara da ake ratsa shi tsakanin ƙafafu a soke a baya. Da shi ta yi ta hawa motar haya da kwandon albasa zuwa kasuwar Pune, da shi ta raini ɗanta Waibhab bayan rasuwar mijinta, har ya zama ma'aikacin banki.

Da za a yi bikin al'adu a makarantar jikarta Sayali, sai surukarta Mrunal ta shigo da sabon sari mai yadi shida.

"Inna, wannan za ki saka. Iyayen yaran can manyan mutane ne."

"Nawa fa? Tsirara nake a cikinsa?"

"Haba Inna," in ji Waibhab, idonsa a kan waya. "Masu wanke-wanke kawai ke ɗaura shi yanzu. So kike a yi wa yarinya dariya?"

Saboda Sayali, Shewanta ta haɗiye maganar. Aka naɗe ta kamar tabarma, aka cake ta da fil, ta riƙa tafiya kamar an ɗaure wa akuya ƙafa.

Da aka ɗaga labule, 'yan mata suka fito rawa, kowace sanye da nauwari, har da Sayali. Na haya ne, ɗinkakke, da zif a gefe. Zaure ya kaure da tafi. Shugabar makaranta ta ce wannan ita ce suturar jarumai mata, abin alfaharin ƙasa. Mrunal har da ƙwalla tana ɗaukar hoto.

Shewanta ta juya ga surukarta.

"Mrunal, wancan na jikin 'yarki mene ne?"

"Inna, a hankali mana. Ai wannan na wasa ne."

"Au! In an yi wasa da shi ado ne, in an yi dako da shi abin kunya? Kai kuma mai banki, a kan cinyar wane zane ka yi barci?"

Waibhab ya sunkuyar da kai. Na kusa suka fara waiwaye.

Aka tashi, Sayali ta rugo tana riƙe da ƙugu, zif ya ɓalle.

"Kaka, gyara mini!"

"Wannan buhu ne, 'yar nan, ba ya gyaruwa. Zo gida in koya miki na gaske."

A bayan gidan makarantar Shewanta ta cire fil ɗin duka, ta tattare yadi shidan ta ratsa shi ta soke yadda ya samu, ƙwaurinta a waje. Ta wuce motar ɗanta ba ta kalle ta ba, ta hau ta haya. Da ta isa gida ta jiƙa wake na abincin gobe.