An Yi Mana Jajen Ishaya Tun Yana da Rai

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Ishaya a Birmingham. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ni ba ma'abociyar alƙalami ba ce, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma na saba haɗiye magana. Amma a watan jiya Malam Bitrus, shugaban ƙungiyarmu ta masu jin Hausa, ya kira ni da wata buƙata game da fim ɗin da Ishaya ya bari, kuma tun ranar na kasa haɗiye wannan maganar.

Ishaya shi ne autanmu. A Jos aka haife shi, da ciwon sikila. Bayan rasuwar babanmu na kawo shi da Mama nan wurina. Ya samu gurbi a jami'a a Salford yana koyon shirya fim, yana kuma yin irin aikina a Manchester don ya riƙe kansa. Lokacin ne gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, ta rage wa tsofaffi lokacin ziyara. Ka shiga, ka ba da magani, ka ɗumama abinci, ka fita kafin ka ji amsar gaisuwarka. A cikin tsofaffinsa akwai wani Ba'indiye da idonsa ya mutu amma bakinsa bai mutu ba. Shi ya ba Ishaya wani labari daga addininsu na Hindu, gutsure-gutsure, yau kaɗan gobe kaɗan, yana shan shayi Ishaya yana sa masa safa.

Labarin wani sarki ne da ya nemi alfarma aka ba shi: mutum ba zai kashe shi ba, dabba ba za ta kashe shi ba, ba zai mutu da rana ba, ba da dare ba, ba a cikin gida ba, ba a waje ba. Da ya ga ya toshe kowace ƙofa, sai ya ce shi za a bauta wa. Ɗansa ya ƙi. Ajalinsa ya same shi da almuru, a kan dokin ƙofa, a hannun wani abu da ba mutum ba ne, ba kuma dabba ba.

Ishaya ya mayar da sarkin wani mai gidajen haya, irin waɗanda ke cusa mutane a ɗakunan da bango ke tsattsafo ruwa, suna taƙamar ba kotu ba council da za ta iya da su. Fim ɗin gajere ne, shinkafa ba za ta nuna ba ya ƙare. Babu waƙa, babu jini. Akwai wurin da mutumin ya ƙwanƙwasa bango yana yi wa ɗansa ba'a, yana cewa wanda kake cewa yana ganina, yana cikin nan ne? Sai aka ƙwanƙwasa daga ciki. Daga nan har ƙarshe mutumin yana neman fita daga gidansa kafin rana ta faɗi. Ba a nuna abin da ya same shi ba. Inuwa ce kawai a bakin ƙofa.

An fara nuna shi a wata cibiyar unguwa a Salford, na hau jirgin ƙasa na je. Masu kallon ɗalibai ne da Indiyawa, har da tsohon a keken guragu, 'yarsa tana raɗa masa abin da ke faruwa. Da aka gama, wani Ba'indiye mai furfura ya miƙe ya ce bai ji daɗi ba. Ya ce wannan labarin ibada ne a wurinsu, ba abin tsorata mutane ba, kuma an bar abin da ya fi muhimmanci, wato imanin yaron. Ishaya ya saurare shi, ya amsa abin da zai iya, ya ce sauran zai yi tunani. Sun daɗe a tsaye a bakin tebur ɗin shayi suna ja-in-ja. Ba su daidaita ba, amma sun yi musabaha. A hanyar tasha Ishaya ya ce mini, “Yaya Ladi, mutumin nan ya fi masu tafin amfani a wurina.” Na ambaci wannan ne don a san ƙanena ba ya tsoron suka.

Sai ya kawo fim ɗin gida. Taron ƙarshen shekara ne na ƙungiya, a zauren wata coci da muke haya a Perry Barr. Ranar ce kaɗai a shekara muke haɗuwa gaba ɗaya, mu Kiristocin Jos da Kaduna da Bauchi, da 'yan'uwanmu Musulmi 'yan zangon Kumasi da Accra. Mai gabatarwa ya ɗauki abin magana ya ce, “Jama'a, yau ɗanmu ya kawo mana Indiya!” Wuri ya kaure da shewa. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san matsayin fim ɗin Indiya a wurinmu. Dattawa suka gyara zama, wani ya fara rera waƙar da ya haddace tun yana saurayi, ba tare da ya san ma'anar kalma ɗaya ba.

Mu ba ma kallon fim da baki a rufe. Da farko ana ta tambaya, ina yarinyar, ina rawar? Da bango ya amsa ƙwanƙwasa, wata ta zubar da lemonta. Da mutumin ya isa bakin ƙofa ya tsaya, Hajiya Mariya 'yar Kumasi ta miƙe tsaye ta ce, “Kai bawan Allah, sauka daga dokin ƙofa, almuru ne!” Daga baya wani ya amsa mata, “Ƙyale shi Hajiya, landlord ɗina ne sak, har tumbin!” Aka yi ta dariya, ana tafi. Malam Bitrus da kansa ya ɗaga hannun Ishaya sama kamar ɗan damben da ya yi kisa, yana cewa, “Namu ne! Namu ne!”

Sai rubutun ƙarshe ya hau allo, inda Ishaya ya gode wa tsohon, ya kuma faɗi daga wane addini labarin ya fito. Don waɗanda ba sa karatun Turanci, ya miƙe ya maimaita da baki da Hausa. Ina gefe ina kallon hannuwa suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Mama ba ta ga komai ba, tana kicin da matan zumuntar coci suna rabon masa. Ta dai fito da faranti ta tarar wuri ya yi tsit.

Babu wanda ya ce wa Ishaya uffan, a ranar ko bayanta. Abin da suka yi shi ne suka zo wa Mama jaje. Wanda ba Bahaushe ba ba zai gane nauyin wannan ba. Jaje na wanda gobara ta ci ne, ko ɓarawo ya shiga masa, ko ɗansa ya ɓata. Haka suka riƙa zuwa gidanmu rukuni-rukuni, da mayafi da sassanyar murya. “Sannu Mama, ya muka ji da wannan abu? Allah ya kyauta. Yaran ƙasar nan sai addu'a.” Mama kuwa tarbiyya ta hana ta komai sai “Na gode, Allah ya bar zumunci.” Wata Asabar Ishaya ya zo daga Manchester ya tarar da falo cike da takalma a bakin ƙofa. Ya ja ni kicin ya ce, “Yaya, wa ya rasu?” Na rasa bakin da zan ce masa, kai ne.

Daga nan aka karɓe masa ɗaukar hoton bukukuwa a coci, aka ba wani da ke yanke wa amare kai a hoto. Iyaye, Kirista da Musulmi, suka janye yaransu daga ɗan ajin da yake koya musu riƙe kyamara kyauta. Na daɗe a cikin ƙungiyar nan, ban taɓa ganin ɓangarorin biyu sun yi saurin haɗa kai a kan wani abu kamar yadda suka haɗa a kan ƙanena ba.

Ba na cewa dole kowa ya so fim ɗin. Kowa da imaninsa, ni ma da nawa. Abin da nake tambaya shi ne, wane irin tsafi ne wannan da ba ya kama mutum sai an gaya masa sunansa? Mutanen nan sun shekara talatin suna kallon amarya da ango suna zagaya wuta, ana rataya wa gunki furanni, ba wanda addininsa ya ƙwarzane. A zauren nan sun ga mai gidan hayarsu a allo sun gane shi. Sun ga camfin kakanninsu na dokin ƙofa sun yi ihu. Da Ishaya ya yi shiru, da har yau suna cewa labarin Hausa ne. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango na yaro. Kuma ko dattijo ɗaya bai zaunar da shi da Littafi a hannu ya ce, ɗana, ga inda nake ganin ka kauce ba. Baƙo ya yi masa wannan mutuncin a Salford. Nasa suka hana shi.

Da sanyin shekarar da ta biyo baya ciwonsa ya tashi. Ya daɗe a kan gadon da ake turawa a barandar asibiti kafin a samu wuri. Ba na ɗora wa ma'aikatan laifi, na ga yadda suke gudu, su kaɗan marasa lafiya birjik. Ciwon ya shiga ƙirjinsa, bai tashi ba. Mutanen da suka zo jaje su suka dawo gaisuwa, a kujerun da suka zauna a da. A nan wata ta sunkuya ta ce wa ta kusa da ita, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta ɗauka Mama ba ta ji ba. Yaron da aka haifa da sikila, wanda kowa a ɗakin ya taɓa kai masa dubiya tun kafin ya taɓa kyamara.

Wannan maganar ce ta cinye mana shekara bakwai. Mama ta daina zuwa zumunta. Ba ta yarda a ambaci fim ɗin a gabanta ba. Tana tsakiyar wanke-wanke sai ta tsaya ta ce, “Ladi, kina ganin Ubangiji ya karɓe shi?” Kowace amsa na ba ta, bayan kwana biyu tambayar ta dawo. Mutuwa ta ɗauke mata ɗa, wannan na Allah ne. Amma natsuwar da uwa ke samu cewa ɗanta yana hutawa, bakin mutane ne ya ɗauke ta.

Yanzu ga inda aka kwana. Malaman Ishaya suna nuna fim ɗin ga sababbin ɗalibai, yaranmu sun gano shi suna tura wa juna a waya suna alfahari. Shi ya sa Malam Bitrus ya kira. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ƙungiya tana so ta nuna shi a taron bana don karrama marigayi. Sai ya sassauta murya: “Sai dai, 'yata, wannan ɗan rubutun na ƙarshe, a cire shi. Kin san mutanenmu. Kada a fama tsohon miki.” Na ce, “Baba, mikin wa?” Ya ce network ba kyau.

Na sha tunanin me Ishaya zai ce da yana nan. Cibiyar Salford da aka fara nuna fim ɗin an rufe ta. Zauren Perry Barr ranar Talata wurin rabon abinci ne ga mabuƙata, kuma wasu da suka yi tafi a ranar suna bin layi da kai a ƙasa. Masu gidajen haya irin na fim ɗinsa sai ƙaruwa suke. Ina jin zai yi dariya ya ce, Yaya, ba su mana, ai yanzu suka fi buƙatarsa. Ya fi ni sanyin zuciya. Amma na san abu ɗaya da ba zai yarda ba, shi ne a goge sunan makahon da ya ba shi labari. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na gaya wa Mama buƙatar shugaba, don ba zan yanke hukunci a bayanta ba. Ta ce, “Kunna mini in gani.” Ranar Lahadi ce bayan sujada. Ta kalla da hannu a ƙirji har rubutun ya fito. Ta ce in karanta mata. Na karanta, na fassara. Ta ce in sake.

“Shi ke nan abin da ya ce?”

“Shi ke nan, Mama.”

“Ashe godiya ya yi.” Ta juyo gare ni. “Ni na koya masa. Na ce kowa ya ba ka abu, ka gode masa a gaban mutane. Ladi, shekara bakwai ina roƙa masa gafarar godiya.”

Ranar ta yi kukan da ba ta yi ba a makabarta, ni kuma ban hana ta ba.

Amsata ga ƙungiya, tunda a bainar jama'a aka yi abin, a bainar jama'a zan ba da ita. Ku nuna fim ɗin duka, har harafin ƙarshe, ko ku bar mana shi. Ba ma neman a ba mu haƙuri, ba ma kuma neman lambar girma. Ishaya bai bar gida ba, bai bar mota ba, bai bar ɗa ba. Ya bar ɗan gajeren fim da ya faɗi gaskiya a kan zaman da muke yi a ƙasar nan, da kuma halin faɗin inda ya samo abu ko da zai jawo masa baƙin jini. Idan aka yanke na biyun, na farkon ba nasa ba ne.

Mama ta ce idan sun yarda, a ajiye mata kujera a layin gaba. Ta ce ba za ta shiga kicin ba bana.