Randunan Baba Idrisa

Ina Hasahisa, na idar da azahar ke nan, wana ya kira ni daga Abu Hujar ya ce Baba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna bisa tabarma, abin da ya fara faɗo mini a rai, wallahi, randuna ne.

Baba Idrisa manomin auduga ne, amma kowace bazara, in an gama tsince gona, sai ya nufi arewa, wani tsohon otal na alfarma da ke tsakiyar sahara, inda yake kula da lambu. Yakan tafi da mu. Muna kwana ɗakin bayan kicin, muna leƙen attajiran Khartum suna iyo cikin tafkin siminti, alhali waje rana na ƙona tafin ƙafa. Bai taɓa yi musu hassada ba. Yakan ce baƙon da ya biya ɗaki da wanda ya tsaya bakin ƙofa duk baƙi ne, kuma shi ma'aikacin baƙi ne.

Don haka ya girke randunan ruwa a bakin ƙofar otal ɗin, saboda makiyayan raƙuma masu wucewa. Da aka kawo sabon mudir, wato manajan otal ɗin, sai ya ce suna ɓata kyan wurin, ko a kwashe su, ko Baba ya bar aiki. Inna ta roƙe shi ya haƙura. Shi kuwa, mutumin da ko akuya ba ya daka wa tsawa, ya ce wa mudir:

"Ƙofar taka ce, ranka ya daɗe, zan kwashe. Amma hanya ta Allah ce."

Ya tsallaka da su wancan gefen hanya, yana ɗebo ruwa da jaki daga rijiya mai nisa kafin ya shiga lambu. Haka ya yi har yaƙi ya rufe otal ɗin, ya komo gida.

Cikin ciwon ajalinsa ba abin da ke damunsa kamar wannan. Kullum sai ya tambaye ni, "Hajara, wa ke cika randunan nan?" Abin kuwa na ci mini rai.

Muna zaman makoki wani tsohon makiyayi ya kira wana don ta'aziyya. Ya ce otal ya zama kango, tafkin ya cika da rairayi, amma randunan ba su taɓa bushewa ba. Makiyaya ke cika su bi da bi, kuma sunan wurin yanzu Ruwan Idrisa. Na yi kuka, don Baba ya tafi bai ji ba.

Ya Allah, Ka isar masa da wannan labari cikin kabarinsa. Ka gafarta masa, Ka shayar da shi daga Alkausara yadda ya shayar da bayinKa. Ka ba Inna da mu 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Amin.