Hanyar da Bala Bai Taka Ba

Kakar bana ta cika shekara goma sha huɗu da rasuwar ƙanena Bala, wanda mutanen Malumfashi suka fi sani da Bala Fijo. Ni manomi ne, ba na son dogon zance ko a ƙofar masallaci, balle a jarida. Amma akwai maganar da na danne tsawon waɗannan shekarun, kuma dannewar tawa ta ɓata sunan wani bawan Allah da bai yi mini laifin komai ba. Yau nake son in sauke ta a gaban masu karatu.

Shekara tara na ba Bala. Direban motar haya ne tsakanin Funtua da Malumfashi, amma ba a nan zuciyarsa take ba. Shi da abokansa kamar su goma, akwai 'yan kasuwa, akwai malamin makaranta, akwai wani mai sayar da taki, sukan taru bayan an kwashe amfanin gona su yi tseren tsofaffin motoci. Filinsu wani burji ne da ya zagaya bayan gonarmu ta wajen Ƙarfi, ya gangara gefen fadama, ya sha kwana a gindin wata tsamiya, ya dawo. Ba sa jerawa. Ɗaya bayan ɗaya suke tashi, malamin makarantar yana riƙe da agogo. Wanda ya ci, ladarsa ita ce ya yi wa saura dariya har kaka ta zagayo. Ni dai ban taɓa son abin ba. Na sha ce masa, babba da kai, da mata da 'ya'ya, kana wasan da ko kaji sun fi ka hankali. Mahaifiyarmu ce ta sa na ba su hanyar, ta ce gara ya yi a gida inda ido ke ganinsa.

Mai haɗa masa motar shi ne Malam Bitrus, bakanike, Kirista ɗan wani ƙauye kusa da namu, wanda suka tashi tare tun suna koyon aiki a gareji ɗaya. Saboda shi ne ma ake yin tseren ranar Asabar, don ranar Lahadi yana coci. In ka gan su ƙarƙashin fijon nan ta Bala, ƙafafu huɗu a waje, suna gardama a kan noti ɗaya, sai ka rantse faɗa suke.

Mutane sun ɗauka Bala ɗan ganganci ne. Ni da nake zaginsa na san ban taɓa ganin mai taka-tsantsan irinsa ba. Dokarsa ta farko, birki kafin inji. Wanda ya zo masa da zancen ƙara wa mota gudu alhali bai taɓa birkinta ba, sai ya ce ya koma gida tukuna. Kafin kowane tsere sai an zubar da tsohon man birki an zuba sabo, domin ya ce in ya tsufa ruwa yake sha, ranar da ya ɗauki zafi sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. Sukan cire kujerun baya da duk wani tarkace. Batir a ɗaure shi da ƙarfe, ba da roba ba. Ko sufana ɗaya ba a bari a ƙarƙashin kujera, ya ce in mota ta juye ita za ta fasa maka kai. A cikin motar Malam Bitrus ya yi waldar bututun ƙarfe masu kauri, suka zagaye direba kamar keji. In ya gama ɗaure notin taya, sai Bala ya biyo bayansa da farin fenti yana ja wa kowane noti layi, don in ya motsa a gani da ido. Da yake lokacin sussuka ne, sukan sa raga a gaban lagireto saboda ƙaiƙayi, su wanke ta bayan kowane zagaye.

Haka yake da mutane. Ba mai shiga mota sai da hular kwano da bel. Silifa ba ya taka birki a wurinsa. Na tuna wani Alhaji daga Dandume da ya zo da babbar riga mai aiki har ƙasa, yana ta hura hanci. Bala ya tuɓe masa ita da ladabi, ya ba shi wata rigar aikin gareji da ta sha baƙin mai, Alhaji ya shiga mota yana kama da mai gasa masara. Kafin ranar tsere, Bala kan je ya sanar da mai unguwa, ya je ruga ya tambayi lokacin da shanu ke gangarawa ruwa, ya tsayar da mutum da jan ƙyalle a bakin burtali. 'Yan kallo kuwa ba ya barin kowa ya tsaya ta bayan kwana, inda mota za ta nufa in ta ƙwace.

Bara na je ɗaurin aure Funtua, na ga abin da yaran yanzu ke kira wasan mota. A tsakiyar titi, mota na juyi tana hayaƙi, wani ya fito da rabin jikinsa ta taga, jama'a sun yi musu zobe kowa ya ɗaga waya. Ni na tsaya ina tsine musu a zuciya. Sai na tambayi kaina me Bala zai yi da yana nan. Na san ba zai zage su ba, don shi ba irina ba ne. Zai jira su gama, ya matsa ya ce a ɗaga masa bonet, ya taɓa taya, ya taka birki. Daga nan sai ya ja yaron gefe ya ce masa akwai fili a bayan gari, ya zo ranar Asabar. Motocin yanzu da sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu za su ba shi haushi, amma wata ɗaya ya ishe shi ya koya. Abin da zai fi ƙona masa rai shi ne burjin kansa. Tun da tsaro ya taɓarɓare ba mai daɗewa a gona, abokan sun watse, ciyawa ta cinye rabin hanyar.

Na bar babbar dokarsa sai yanzu saboda ita ce ba na son in zo kanta. Bala ba ya tsere a hanyar da bai taka da ƙafarsa ba a safiyar ranar. Ko jiya ya bi ta, yau sai ya sake. Yakan tafi a hankali, hannu a baya, yana duban ƙasa kamar wanda ya yar da allura, yana ture dutse, yana dudduba inda amalanke ya yi rami. Ya ce hanyar gona ba kwalta ba ce, kullum akwai wanda ya taɓa ta. Ni ma ya roƙe ni, in zan yi wani aiki a kanta in gaya masa.

A makon da ya rasu, ya taka hanyar ranar Laraba. Ranar Alhamis na haƙa rami na ratsa burjin, kaɗan bayan kwanar tsamiya, don in binne bututun ruwa daga injin ban-ruwa na fadama zuwa sabon filin tumatir da na buɗe a tsallake. Zurfinsa ya kai gwiwa. Na mayar da ƙasa, na daddanne, na share sama har ba a gane wurin. Ban sani ba mahaɗin bututun yana yoyo, ƙasar ciki tana jiƙa tana zama taɓo. Ban gaya masa ba. A raina na ce gonata ce, ba zan nemi izinin ƙanena kafin in shayar da tumatir ba.

Ranar Asabar da sassafe mahaifiyarmu ta aike shi gaisuwar mutuwa Bakori. Bai dawo ba sai da hantsi ya ɗaga, abokai sun gaji da jira, shanu kuma sun kusa gangarowa. Duk da haka ya sauka daga mota ya kama hanya zai taka. Ina tsaye a gindin tsamiya. Da ya iso wurina sai ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, “Yaya, hanya tana nan yadda na bar ta?”

Na tuna ramin. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce na manta ba. Amma ga abokansa sun biyo shi, kuma na san in na faɗa zai ce ai na roƙe ka, a gaban mutane. Sai na haɗe fuska na ce, “Ni da nake wuni a nan ban san hanyar gonata ba? Lafiyarta lau. Ko sai ka je ka duba maganata ne?”

Ya yi murmushi ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Yaya.” Ya juya ya koma. Tsakanin inda ya tsaya da ramin bai fi taku talatin ba. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba yadda zai yi ya wuce ni ya ci gaba bayan wannan maganar, don ƙaryata wansa ne a bainar jama'a. Ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya karya dokarsa, kuma don ya girmama ni ya karya ta.

Shi ya fara tashi. Ya sha kwanar da kyau, tayar gaba ta dama ta nutse a ramin, motar ta wuntsila ta daki wata bishiyar ɗorawa ta gefen direba. Kejin ƙarfen bai karye ba, bel ɗin bai tsinke ba, amma bugun ya yi yawa. Ya cika a hanyar asibiti, kansa a cinyar Malam Bitrus.

Da aka jawo motar sai aka ga ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya ya karye. A makon ne Malam Bitrus ya sa shi sabo. Kafin sadakar uku magana ta gama gari, wai ya sa jabun ƙarfe, shi ya kashe abokinsa. Ni kuwa washegarin jana'iza na je na tone bututuna, na cike ramin da tsakuwa. Ina zaune a zaman makoki ana zagin Malam Bitrus, ban ce uffan ba. Direbobi suka daina kai masa mota. Ya rufe garejin ya koma ƙauye yana gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa. Har ɗansa babba, da ya buɗe gareji a Malumfashi daga baya, ana nuna shi ana cewa ɗan wanda ya kashe Bala Fijo ne.

Shekarun nan ban san natsuwa a gonar ba. Duk lokacin da na zo gindin tsamiya sai in ga kamar ga shi nan tafe, hannu a baya, yana duban ƙasa. Ba ya yi mini kallon zargi, da ma zai yi da na fi samun sauƙi. Rusunawa kawai yake yi ya maimaita tambayar. Na daina noman tumatir. Na je Makka na roƙi gafara, na dawo na tarar da tambayar tana jirana.

Mahaifiyarmu ta rasu da damunar da ta wuce. Bayan arba'in na hau babur na je ƙauyen su Malam Bitrus. Na same shi ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a inuwar rumbu yana laluben wani kafireto da yatsu. Na durƙusa a gabansa, ni da na girme shi, na faɗa masa komai. Bai daina shafa kafireton ba har na gama.

“Alhaji, na sani,” ya ce. “Da muka dawo daga asibiti na je na taka hanyar, kamar yadda yake yi. Na sa hannu a ramin har na taɓa bututun. Ramin ne ya karya ƙarfen.”

Na ce, “Malam Bitrus, me ya hana ka faɗa? Ka bari aka ci mutuncinka shekara da shekaru.”

“Inna tana da rai,” ya ce. “A hannunta na ci tuwo tun ina koyon aiki. Ta binne ɗa ɗaya. In na faɗa, da wane ido za ta dubi wanda ya rage mata?”

Na yi kuka a gaban rumbun nan kamar ba dattijo ba. Da na tambaye shi abin da zan yi, ya ce shi nasa ya wuce, amma ɗansa yana da iyali, kuma sunan gidansu yake ɗauke da shi. Ya ce in rubuta inda direbobi za su karanta, kuma in fara da dokokin Bala, ko Allah zai sa wani yaro ya ɗauka.

To ga shi na rubuta. Malam Bitrus bai sa jabun ƙarfe ba, aikinsa ne ma ya sa muka samu gawar ƙanena a cike muka yi mata sutura. Ni na haƙa ramin, ni na ɓoye shi, ni na tare Bala da girman kaina. Na gaya wa matarsa da 'ya'yansa kafin in gaya muku, kuma har yau babbar 'yarsa ba ta amsa gaisuwata. Ban ga laifinta ba.

In na auna abin da ya rage na Bala, fijon ta tafi wurin 'yan gwangwan, abokan sun watse, burjin ya zama ciyawa. Dokokinsa ne suka rage, kuma babu ɗaya a ciki da ta ci amanarsa. Ku masu son tsere, ku gyara birki, ku ɗaure bel, ku fita daga cikin jama'a, sannan ku taka hanyarku da ƙafarku a safiyar ranar, ko wa ya ce muku lafiyarta lau, ko da wanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙan Bala, ya sa ya huta.

Jiya na je gonar duba masara. Da na iso gindin tsamiya na gan shi tafe kamar kullum, ya rusuna ya yi tambayarsa. Na matsa gefe na ba shi hanya, na ce a'a Bala, ba ta nan yadda ka bar ta, wuce ka duba.