Ranar da ordinatar ta hana Inna ganin mijinta

A unguwarmu ta bayan kasuwar Filinge, ordinatar ɗina, wato kwamfuta, ta zama rumbun jama'a ba tare da na yi niyya ba. Duk wanda wayarsa ta cika sai ya zo da ita zaurena, ya ce in ajiye masa. Hotunan suna, wa'azi, muryar ɗa daga Abijan, rago kafin a yanka shi. Mu kuwa abin da aka ba ka ajiya amana ne, ba ka taɓa shi sai mai shi ya ce. Shekaru ina tarawa, ban taɓa goge ko ƙyalli ba.

Cikin masu ajiya akwai ƙanwar mahaifiyata, Inna muke ce mata. Kowace ranar kasuwa takan hau amalanke daga ƙauyensu na wajen Damana, ta sayar da kuɓewarta, ta zo ta zauna a tabarmata. Abu guda take kallo: ɗan bidiyon marigayi mijinta yana tafe cikin gero, ganye na shafar kafaɗunsa, har ya iso gaban mai ɗauka ya yi dariya.

Wani jajibirin kasuwa ƙaiƙayin hannu ya kama ni, na sabunta tsarin na'urar, har da zuciyarsa ta can ciki da masu sana'ar ke kira noyo. Ba abin da ya lalace, neman magana ne kawai irin nawa. Washegari Inna ta iso bayan azahar. Na buga kalmar sirri, allon ya yi baƙi kamar zai buɗe, sai ya maido ni inda na fara. Na sake, ya sake maido ni. Na yi ta yi har na fara jin kamar mafarkin nan da mutum ke tafiya zuwa gida, gidan na matsawa.

"Mi ya hwaru, ɗana?" in ji Inna.

"Ƙohwa ta ƙi buɗewa, Inna. Shina ciki, ba inda ya tahi."

"To, ina jira. Amma mai amalanke ba shi wuce la'asar."

Na kira wani abokina a Yamai. Ya sa na danna maɓallai uku tare, wani baƙin allo ya fito, ba hoto, sai rubutu. Nan kalmar sirrin ta shiga lafiya lau. Na karanta masa abin da na gani, ya bushe da dariya: na'urar ta cika maƙil, sabon noyo ya cinye ɗan gurbin da ya rage, shi ya sa ba ta iya shimfiɗa mini komai. Ya ce in rage kaya. Kafin ya faɗi wanne, rezo, wato layin waya, ya ɗauke.

Na bi jerin sunayen maƙwabta da ido, ban ga wanda zan iya taɓa wa kaya ba. Sai na kai ga nawa: hotunan damina da na yi shekaru ina ɗauka a dallol, babban kwarin nan na yankinmu, hadari a kan duwatsu, gawo tsaye cikin ruwa. Na goge su gaba ɗaya. Ya yi mini zafi, har yau yana yi, balle da na ji daga baya cewa tsofaffin noyo kawai zan cire ya wadatar.

Na sake kunnawa, ta buɗe. Na danna bidiyon Inna, geron ya cika allo, ga marigayin can nesa yana tahowa a hankali. Inna ta gyara zama, ta ja gyalenta, ta bari sai da ya iso ya yi dariyar.

"Malam," ta ce masa, "har yanzu ba ka bar sa mutum jira ba."