Amanar Motar Malam Hosea

Murtala bakanike ne a Gummi, duk babur ɗin da ya sha hanyar Nasarawa Burkullu ya san hannunsa. Mutum ne da ko shayi a tsaye yake sha. Da maƙwabcinsa Malam Hosea, malamin firamare, zai koma garinsu, ya bar masa amanar wata 'yar motar roba, wadda marigayi ƙanin Hosea ya harhaɗa da gam.

Shekara shida tana saman kabad. Sai ga saƙo a 2006 cewa Hosea na tafe ran Juma'a ɗaukar abinsa. Murtala ya sauko da ita, taya ɗaya ta fice, gizo-gizo ya kama haya a kujerar direba. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo. Ƙarshe ya yi mata abin da yake yi wa kowace kafiretar babur in ta yi datti: ya tsoma ta a kwanon fetur.

"Maigida, wagga mota narkewa takai," in ji matarsa Naja'atu.

Kafin ya tsamo ta gilashin ya yi fari fat, rufin ya lotsa. Kwana biyu yana kankara da reza yana shafa fentin babur, tuwo na hucewa a gefensa.

Hosea ya iso, ya daɗe yana jujjuya ta. Murtala ya faɗi gaskiya tun ba a tambaye shi ba.

"Maƙwabci, a tanki ake zuba wa mota fetur, ba wanka ake mata da shi ba," in ji Hosea. Ya naɗe ta a hankici, ya sa a aljihun ƙirji, ya ce a ba shi ruwa ya sha.